Ga ƙanwata da ke son kundi a rubuce da gurbin karatu a Jamus

Ƙanwata, saƙonki ya iso, har da na murya da Inna ta biyo da shi tana cewa in taimaka miki. Abu biyu kika roƙa: in turo miki "kayan aiki" na kundin digirinki a Jami'ar Jos, inda za ki kwatanta Cinderella da tatsuniyar 'yar bora, sannan in nemo miki gurbin digiri na biyu a nan Jamus. Na gane kayan aikin da kike nufi, babi na ɗaya da na biyu kike so a rubuce. Ba zan rubuta ba, Inna ta yi haƙuri.

Batun naki ba laifi, sai dai Cinderellar da kika sani ta fim ce. Su Grimm, wa da ƙani Jamusawa da suka tattara tatsuniyoyi har da ta Cinderella, sun fara buga tatsuniyoyinsu a 1812, suka yi ta gyara har bugu na bakwai a 1857. Akwai inda muguwar uwa ta koma kishiyar uwa don kada ran masu karatu ya ɓaci. To wane bugu za ki ɗauka? Ki faɗa tun a shafin farko. Kuma don Allah kada ki jawo Propp, masanin nan ɗan Rasha, da matakansa 31 na zubin tatsuniya ki ɗora wa Gizo da Ƙoƙi don kawai kowa na yi. Daga tatsuniyoyin Rasha mutumin ya fitar da su a 1928.

Namu ma da sauran magana. Littattafai uku na tatsuniyoyin Hausa da Frank Edgar ya buga tsakanin 1911 da 1913, malamai maza ne suka rubuta su don jami'an mulkin mallaka, alhali tatsuniya sana'ar tsofaffin mata ce da dare. Muryar ba ta shiga takarda ba, karin waƙar ma haka. Abin da ya fi ƙona mini rai, sai da na zo ƙasar da ba a jin "ga ta nan ga ta nanku" sannan na riƙe littattafan nan a hannuna, tsaf da su, babu shafin da ya yage. A gida na sha yawon nemansu har na gaji.

Amma ke kina da abin da laburaren nan ba su da shi. Ki shiga Gangare da Unguwar Rogo. Akwai tsofaffin da haƙar kuza ta kawo iyayensu daga Kano, Katsina da Borno, kowacce da irin 'yar borarta. Ki riƙe goro da sabulu, ki nemi izini, ki ajiye waya a gefen tabarma. Tatsuniya ɗaya ki ji ta daga bakuna da yawa. Kada ki yanke inda yara suka amsa "ta zo mu ji ta", ko inda tsohuwa ta karya harshe tana kwaikwayon tsamin bakin Gizo, ko inda ta tsaya ta harari jikarta daidai lokacin da 'yar mowa ta yi rashin kunya. Wannan hararar ma shaida ce. Ki rubuta unguwa, shekarun mai bayarwa, da waɗanda ke zaune. Mayar da naɗin minti 10 zuwa rubutu zai cinye miki yamma guda, ki shirya.

Sai batun zuwa. Nan in ka kwafe sakin layi ɗaya ba ka faɗi mai shi ba, manhaja za ta tona ka, kuma babu malamin da za a je gaisarwa gida. Kafin biza, in ba ki da tallafin karatu, sai kin kulle kusan Yuro 12,000 a asusun banki na shekara ɗaya. Ki buga da canjin yau, ki zauna tukuna. Ɗalibi kwana 140 aka yarje masa ya yi cikakken aiki a shekara. Ni da dare nake jera kwalaye a wani sito, da safe in shiga aji ido jajur, a gida kuwa ana ta dariya wai na haye teku karatun Gizo. Masu dariyar nan su ne yanzu ke turo lambar asusu kafin Sallah, kuma da Gizon nake biyansu.

Kada ki ce ke 'yar Jos ce kin saba da sanyi. A Disamba ƙarfe huɗu na yamma duhu ya fara, maƙwabcinki kuma zai shekara bai san sunanki ba.

Ana koyar da Hausa a jami'o'in Hamburg da Bayreuth, kuma ana neman mai sabon abu a hannu. Ki turo mini naɗin tsohuwa ɗaya tare da rubutunsa kafin ƙarshen wata. In ya yi, ni da kaina zan kai shi ofishin farfesa.