Bas Kyauta Ko Harajin Cunkoso?

Tambaya: Malam, kifi nake sayarwa a kasuwar Birnin Kebbi, kuɗin Keke Napep na cinye ribata. An ce a Landan sai an biya kafin a shiga tsakiyar gari da mota. Wannan ya fi, ko bas kyauta?

Amsa: Hajiya, Landan ta soma wannan haraji a 2003, amma tana da jiragen ƙasa da bas-bas da jama'a za su koma wa. Mu fa? Tun cire tallafin fetur a 2023, da yawa ƙafa suke takawa. Ƙasar Luksambag da ke Turai ta mayar da sufurin gwamnati kyauta a 2020, kuma ni can na karkata. Ku 'yan kasuwa ku haɗa kai ku nemi bas, ko na safe da yamma ne, ku kuma tambayi inda kuɗin mai da gyara zai fito.