Biza tana hannuna amma an hana ni hawa jirgi, in kai su kotu?

Wani Alhaji daga Kano ya turo min saƙo mai tsawo, da ganinsa ka san rai a ɓace aka rubuta shi, bari in taƙaita. Yana da bizar Shengen, wato ta rukunin ƙasashen Turai da ake shiga da biza ɗaya, ta shekara biyu wadda ake shiga a fita sau da yawa, yana zuwa Jamus wajen ƙanensa ya ɗan zagaya Faransa da Italiya ya huta. Bana sau biyu ya je, daga 1 ga Afrilu zuwa 5 ga Mayu, sannan watan Yuni gaba ɗayansa. Ran 15 ga Agusta ya je filin jirgin Abuja da tikitin tafiya kawai babu na dawowa, wai ejan ɗinsa ya ce in ya isa can ya saya ya fi sauƙi, sai ma'aikaciyar da ke kantar kamfanin jirgin ta ce sai ya nuna tikitin dawowa, ya ce mata kwana 40 kawai zai yi kuma sau nawa yana shiga ba wanda ya taɓa tambayarsa, ta kira ogansu aka yi ta ja-in-ja har jirgi ya tashi ya bar shi. Yanzu so yake ya maka kamfanin a kotu su biya shi kuɗin tikiti da diyyar cin mutunci.

Toh Alhaji, sannu da wannan ɓacin rai, Allah ya mayar da alheri. Ban ga tikitin ba, ban ga fasfo ɗinka ba, ban kuma ji ta bakin kamfanin ba, saboda haka duk abin da zan faɗa a kan abin da ka ba ni ne, in wani abu ya canza a labarin amsar ma tana iya canzawa.

Inda lissafinka ya fara karkacewa shi ne maganar biza. Kai a wajenka tunda ofishin jakadanci ya manna maka ita shi kenan ƙofa a buɗe take har shekara biyu, amma dokar bizar Tarayyar Turai ta 2009, sashe na 30, ta faɗa ƙarara cewa riƙe biza kaɗai ba ya ba mutum haƙƙin shiga kai tsaye. Abin da biza ta ba ka shi ne damar zuwa bakin ƙofa, jami'in imigireshin da ke wajen shi zai duba ya ce shiga ko koma, kuma duk zuwa sabon dubawa ne. Dokar iyakokin Shengen ta 2016 sashe na 6 ta ce sai ka iya bayyana dalilin zuwanka da inda za ka sauka, ka kuma nuna kana da abin da za ka ci ka sha da abin da zai maido ka gida. A jerin takardun da jami'i zai iya nema wajen mai yawon buɗe ido akwai tikitin dawowa, a rubuce yake. Cewa sau biyu ko sau goma ka wuce ba a tambaye ka ba bai zama hujja ba, sa'a ka ci ko kuma a lokacin tikitinka na zuwa da dawowa ne suna ganinsa a kwamfuta ba sai sun buɗe baki ba. Hasali ma mai yawan zuwa shi aka fi sa wa ido, don abin da suke tsoro shi ne mutum ya mayar da bizar ziyara ta zama ta zama.

Sannan akwai abin da ya fi tikitin damuna, wanda kai ba ka ma kawo shi a matsayin matsala ba. Shekara biyun da ke jikin bizar ba ita ce yawan kwanakin da za ka zauna ba. Ƙa'idar ita ce kwana 90 a cikin kowane kwana 180, kuma ba a lissafa shi daga farkon shekara ko daga ranar da aka ba ka biza, kullum da kake cikin ƙasashen ana waiwayawa baya kwana 180 a ƙirga nawa ka yi, ranar shiga kwana ce ranar fita ma kwana ce, kuma ƙasashen Shengen 29 duk tukunya ɗaya ce, tsallakawa daga Jamus zuwa Faransa ba ya sabunta komai. In ranakun da ka ba ni daidai ne, tafiyar farko kwana 35, ta biyu kwana 30, ka ga 65 kenan, saura 25. Da ka shiga ran 15 ga Agusta wa'adinka ran 8 ga Satumba zai cika, kai kuma da bakinka ka ce musu kwana 40. Wato da sun bar ka ka hau, ko dai a maido ka daga filin jirgin can, ko ka shiga ka zarce da kwana 15, kuma tun 12 ga Oktoba 2025 suka fara ɗaukar hoton yatsa da fuska a na'ura ita ke ƙirgawa, zamanin jami'i ya riƙa buɗa shafukan fasfo yana neman sitam yana wucewa. Wallahi ni a ganina asarar tikiti ta fi wannan sauƙi nesa ba kusa ba, don zarce kwanaki yana bin mutum zuwa bizar gaba.

Za ka ce to ina ruwan kamfanin jirgi, ai ba su ne imigireshin ba. Ruwansu shi ne in suka kai fasinja aka ƙi karɓarsa su za su ɗauko shi su maido, in kuma aka ce takardunsa ba su cika ba ana iya cin su tarar da ke kamawa daga Yuro 3,000 zuwa 5,000 ko fiye a kan mutum ɗaya, gwargwadon dokar ƙasar. Shi ya sa ma'aikatan kanta ke duba wani rumbun bayanai da ake kira Timatic kafin su ba ka katin shiga, kuma kusan kowane kamfani ya rubuta a sharuɗɗan tikitinsa cewa cikar takardu nauyin fasinja ne, sharuɗɗan nan da ba mai karantawa amma alƙali zai karanta.

Ban ce ba ka da ta cewa ko kaɗan ba. Dokar iyakokin Shengen ba ta ce da harafi ɗaya sai da tikitin dawowa ko babu shiga ba, abin da ta nema shi ne hanyar komawa, saboda haka lauya zai iya tsayawa ya ce da kuɗi a asusunka kuma ba a ba ka damar nunawa ba. In kamfanin na wata ƙasar Tarayyar Turai ne dokarsu mai lamba 261 ta 2004 tana iya shafarka, diyyar hana hawa jirgi a tafiya mai nisa irin wannan Yuro 600 ce, kuma kotun Tarayyar ta yanke a 2020 cewa kamfani ba zai ce takardu ba su cika ba kawai a rufe magana, kotu na da ikon duba ko dalilin ya riƙe ruwa. Amma ita dokar da kanta ta cire wanda aka hana bisa dalili mai ma'ana, kuma ta ambaci rashin cikar takardun tafiya a ciki. In kuwa jirgin ta Istanbul ko Addis Ababa ko Alƙahira zai bi da kamfanin da ba na Tarayyar ba, to wannan dokar ba taka ba ce, sai dai dokokinmu na gida da yarjejeniyar Montreal ta ƙasa da ƙasa kan sufurin jiragen sama, ita kuma shekara biyu ta ba mai ƙara kuma samun diyyar ɓacin rai zalla a ƙarƙashinta abu ne mai wuya ƙwarai. Da tikitin tafiya kaɗai a hannu da kwana 40 a baki, ni dai ba zan ce maka ga nasara tana jira ba, shari'a mace ce da ciki, kuma mai yiwuwa Babbar Kotun Tarayya za ka nufa, abin da za ka kashe ya ninka tikitin.

Su ma kamfanin ban wanke su ba. In yadda ka faɗa ne, mutum yana tsaye da lokaci a gabansa, me zai hana a ce masa Alhaji sayi tikitin dawowa yanzu a wayarka mu ba ka kati? Minti goma ne. Kuma ba su ba ka dalili a rubuce ba, wannan sakaci ne da na gaji da gani. Amma wanda ya fi ba ni haushi shi ne ejan, mutumin da sana'arsa kenan ya karɓi kuɗinka ya tura mai bizar ziyara Turai da tikitin tafiya kawai bai ko tambayi kwana nawa ka yi a baya ba. Ka ce yanzu yana cewa zai buga maka wata takardar tikiti ta nunawa kawai, don Allah kar ka taɓa ta. Lambar tikiti a take ake dubawa, in aka kama na bogi ana iya soke bizar nan take kuma bayanin yana zama a rumbunsu har shekara biyar.

Abin da nake ba ka shawara shi ne sulhu, ta fuska biyu. Ka rubuta wa kamfanin ta imel cikin sanyin murya, ba zagi ba barazanar kotu, ka sa lambar tikiti da rana, ka nemi dalilinsu a rubuce, ka nemi ko su sauya maka rana ko su ajiye maka kuɗin a matsayin tikitin gaba, in duk sun ƙi aƙalla harajin filin jirgi da ba a yi amfani da shi ba galibi ana maidowa. In suka yi shiru sai ka kai ƙorafi sashen kare haƙƙin fasinja na hukumar NCAA mai kula da sufurin jiragen sama a Najeriya, wannan sananne ne kuma ba sai da lauya ba. Shi kuwa ejan, in shawarar tasa tana cikin WhatsApp ka adana ta, kar ka goge komai har da saƙon murya, a nan ƙarfinka ya fi yawa. Ku zauna da wani babba da yake jin nauyinsa ya ɗauki wani kaso na asarar, in ɗan NANTA ne, wato ƙungiyar ejan-ejan na tafiye-tafiye, a sanar da su, in ya ƙi ji akwai gidan sulhu na kotun jihar Kano kafin a kai ga shigar da ƙara.

Batun komawa kuma, a lissafina in ka shiga daga 3 ga Satumba kwana 40 zai yiwu don daga 28 ga Satumba kwanakin Afrilu za su fara zubewa ɗaya bayan ɗaya, sai dai a kan 90 cif za ka riƙa tafiya, ni da zan so ka bari sai tsakiyar watan. Hukumar Tarayyar Turai tana da manhajar lissafin kwanakin a shafinta kyauta, ka sa ranakun da ke jikin sitam ɗinka ba waɗanda kake tunawa ba. Ka tafi da tikitin dawowa na gaske, takardar gayyatar ƙanenka ko ta otal, bayanin asusun banki, inshorar lafiya mai ɗaukar nauyin magani har Yuro 30,000, ka kuma tabbatar fasfo ɗin zai ƙara wata uku bayan ranar fitowarka. Turo min hoton shafukan sitam da sunan kamfanin ta akwatin sirri in sake ƙirgawa kafin ka biya kuɗin wani tikitin.