Bayan aikin ciwon dajin tumbi da hanyar abinci: amsoshin tambayoyinku

Daga Miriya: Likita, tunda aka yi mini aikin hanyar abinci, loma kaɗan nake ƙoshi.

Malam, wurin ne ya ragu. Ka raba abincinka sau shida a yini, ka tauna sosai, ruwa kuma sai bayan rabin awa. In rama ta ci gaba ko haɗiya na yi maka wuya, ka koma asibiti.

Daga Zango: In na sha fura da sukari sai jiri da gumi da zawo.

Zaƙin ne ke zubowa cikin hanji lokaci guda. Hajiya, ki cire sukarin, ki riƙa sha kaɗan-kaɗan.

Daga Birni: Shekara uku da cire wa mahaifinmu tumbi gaba ɗaya. Yanzu ƙafafunsa sun mutu, yana tangaɗi, yana mantuwa. An ce sammu ne, har wanzami ya yi masa ƙaho.

Ƙaho! Mutumin da jininsa bai ishe shi ba, shi za a zuƙe wa jini? Don Allah ku daina yau.

Ƴar'uwa, ki saurara. Tumbi ke fitar da sinadarin da ke kama bitamin B12 ya shigar da shi jiki. Babu tumbi, babu wannan sinadari, ko da Baba zai ci nama kullum. Hanta tana da ajiyar da ke kai mutum shekara biyu zuwa huɗu, shi ya sa ya yi ta harkokinsa lafiya, kuna zaton an gama. Da ajiyar ta ƙare sai jini ya ragu, harshe ya yi ja sumul yana zafi, jijiyoyi su fara lalacewa. In aka daɗe, jijiyar ba ta dawowa daidai, abin da ke tayar mini da hankali kenan.

Maganin allurar B12 ce, a jere da farko, sannan duk wata ɗaya zuwa uku, har ƙarshen rayuwa. Maganin ƙarin jini na masu talla a kasuwar Dole ba zai maye gurbinta ba, balle sassaƙe da jiƙon kanwa. Ku kai shi babban asibitin Damagaram cikin makon nan da takardun aikinsa, a auna jini, a duba sinadarin ƙarfe da bitamin D, don su ma suna raguwa, ƙashi ya yi rauni. Kada ku jira sai an sayar da amfanin gona.

Daga Magariya: Zan iya shan shayi a fada?

Sha, amma ba kan abinci ba, yana hana jiki ɗaukar ƙarfe. Ka bar awa ɗaya tsakani. In ka ga baƙin kashi alhali ba ka shan ƙwayar ƙarin jini, ka je asibiti ranar.