Me ɗan Jos zai yi da binciken sauti a ƙarƙashin ruwa?

Tambaya: Ni ɗalibi ne a shekarar ƙarshe ta karatun injiniyan lantarki, kuma ina zaune a Bukuru. Malaminmu ya ba ni zaɓi tsakanin batutuwa biyu na binciken kammala digiri: na'urorin da ke aiki da sauti a ƙarƙashin ruwa, ko nazarin abin da mazauna birni ke rubutawa a kafafen sada zumunta. Abokaina sun ce na farkon ɓata lokaci ne, tunda babu teku a Filato. Shin suna da gaskiya?

Amsa: Ɗana, abokanka sun dubi teku sun manta da ruwan da ke bayan gidajensu. Daga Rayfield zuwa Bukuru har Barikin Ladi, ƙasar cike take da tafkunan da haƙar kuza ta bari, ga kuma madatsar Lamingo da sauran madatsun da birnin Jos ke shan ruwansu. Duk wanda ya tashi a wannan yanki ya san cewa waɗannan tafkuna suna cin rayuka, domin gaɓarsu a tsaye take kamar bangon rijiya, ruwansu kuma ba ya nuna abin da ke cikinsa.

Dalilin da ya sa injiniyoyi suka dogara ga sauti shi ne, ruwa yana shanye igiyar rediyo cikin ɗan gajeren zango, haske kuma ba ya nisa a ruwa mai laka, shi ya sa GPS ba ya aiki da zarar na'ura ta nutse. Sauti kuwa ya fi samun hanya a ruwa fiye da a iska: yana tafiyar kimanin mita 343 a sakan ɗaya a cikin iska, amma a ruwan daɗi yana kaiwa kusan mita 1,480. Tun a 1826 wasu masana kimiyya biyu, Colladon da Sturm, suka auna wannan gudu a tafkin Janeba da ke Turai, inda aka buga ƙararrawa a cikin ruwa daga wani jirgi, aka saurare ta daga wani, suka sami mita 1,435. Nutsewar jirgin Titanic a 1912 da jiragen yaƙi masu tafiya a ƙarƙashin ruwa na yaƙin duniya na farko ne suka zaburar da aikin, har Paul Langevin na Faransa ya yi amfani da wani dutse mai ƙyalli da ke girgiza idan lantarki ya ratsa shi, kuma yake fitar da lantarki idan sauti ya buge shi. A kan wannan dabara ce mafi yawan na'urorin yau suke tafiya.

Aikin na'urar auna zurfi amsa-kuwwa ce kawai. Tana tura sauti ƙasa, ta jira ya dawo, sannan ta ninka lokacin da gudun sautin, ta raba biyu saboda zuwa da dawowa. Idan amsar ta dawo bayan kashi 2 cikin 100 na sakan, sautin ya yi tafiyar mita 29.6, zurfin ke nan mita 14.8. Lissafin mai sauƙi ne, wahalar tana wurin gaskata shi. Gudun sauti yana ƙaruwa da kusan mita 3 a sakan duk lokacin da ɗumin ruwa ya hau da digiri ɗaya, saboda haka wanda ya saita na'urarsa a watan Afrilu ya koma aiki da ita a tsakiyar hunturun Jos ba tare da gyara ba, zai iya kuskuren kusan santimita 30 a zurfin mita 15. Shi ya sa mu masu auna zurfin ruwa, kafin mu fara aiki da safe, muke tsayar da kwalekwale, mu zura faifan ƙarfe da sarƙa mai alamar awo zuwa mita 2, sannan 5, sannan 10, muna duban allo har sai lambar da na'urar ta nuna ta yi daidai da alamar da ke hannun mai riƙe da sarƙar. Kumfar da injin jirgi ke tayarwa ma tana warwatsa sautin, don haka inda aka ɗaure kan na'urar a jikin jirgi yana da muhimmanci ƙwarai.

Abin da ya fi jan hankalina a wannan fanni shi ne batun laka. Sauti mai kaɗawa sau 200,000 a sakan yana dawowa daga saman taɓo mai laushi, shi kuwa mai kaɗawa sau 33,000 yana ratsa taɓon har ya taɓa ƙasa mai tauri. Idan aka tura su tare, layi biyu ne ke fitowa a allo, kuma tazarar da ke tsakaninsu tana nuna kaurin lakar. Madatsa takan yi kamar a cike take a ido, alhali yashi da lakar da damina ke kwararowa sun cinye wani kaso na cikinta. Wannan matsala ta shafi Lamingo kamar yadda ta shafi madatsar Usuma da ke shayar da Abuja, da Kainji da Shiroro da ke ba mu lantarki. Akwai kuma nau'in na'urar da ake ja a bayan jirgi, yana tura sauti dama da hagu, ya zana hoton ƙasan ruwa da inuwar duk abin da ke kwance a can, wanda da shi ake gano jirgin da ya nutse ko gawar da masu ninƙaya suka kasa lalubowa.

Ban raina batu na biyu ba. Nazarin rubutun Facebook da X yana iya nuna unguwar da famfo ya ƙafe ko inda jita-jita ta fara yaɗuwa, abin da Jos ta san illarsa. Sai dai masu rubutu a intanet ba su ne dukan gari ba, kuma kwamfuta tana shan wahala da Hausar da aka gauraya da Turanci, aka kuma rubuta ba tare da ƙugiyar ɗ da ƙ ba. Wannan aiki ya fi dacewa da ɗalibin kimiyyar kwamfuta.

Shawarata ita ce ka ɗauki na farko, ka kuma taƙaita shi. Ɗan faifan nan mai siriri da ke cikin ƙararrawar lantarki, idan ka lulluɓe shi da gam mai hana ruwa shiga ka haɗa shi da da'irar ƙara ƙarfin sauti, ya zama kunnen saurare a ruwa. Ka fara gwaji a tankin ruwa, sannan ka zaɓi tafki ɗaya, ka auna shi a hunturu da kuma bazara, ka kwatanta sakamakon da na igiya mai nauyi a baki. Ka nemi izinin mai unguwa da hukumar da ke kula da ruwan tukuna, ka tafi da masunci wanda ya san wurin, kuma kada ka hau kwalekwale sai da rigar kariya daga nutsewa.