Jirgina na katako ya buɗe baki, in lulluɓe shi da faiba?

Tambaya: Malam, ina zaune a Suwidin. Na sayi tsohon Folkboat na katako, ƙaramin jirgin ruwa mai filafilai, da ya shekara biyu a rumfa. Idan na shiga ciki ina hango haske ta tsakanin alluna. Wani mai gyara ya ce in lulluɓe jikinsa da faiba, wato ƙyallen zaren gilashi da ake mannawa da ƙaro, yoyo ya ƙare. Hankalina ya tashi, ko na yi asarar kuɗina ne?

Amsa: Kwantar da hankalinka, ɗan'uwa. Hasken nan shaidar bushewa ce kawai. Katako yana tsukewa ta faɗinsa idan ya bushe, ya kumbura idan ya sha ruwa. Masuntan Yawuri ma ba sa barin kwalekwale ya daɗe a tudu cikin rana saboda haka. Folkboat, wanda Tord Sundén ya kammala zanensa aka fara saka shi a ruwa a Gothenburg a 1942, allunansa hawa juna suke yi, an ɗinke su da ƙusoshin jan ƙarfe. Kumburin katakon shi ne abin da ke toshe shi.

Maganar faiba kuwa, kada ka yarda. Wannan shawara ta kashe tsofaffin jirage masu yawa, kuma masu ba da ita sun san ba su za su ga ƙarshenta ba. Katako yana motsi kowace shekara, faiba ba ta motsi. Ga kuma gaɓar kowane allo, inda ƙyallen ba ya kwanciya sosai. Bayan 'yan shekaru sai ta saki jiki nan da can, ruwa ya kwanta tsakani. Ruwan ma ba daga teku zai zo ba, na sama ne. Wurin zaman matuƙi a Folkboat buɗe yake, ruwan sama yana gangarawa kai tsaye cikin jirgin, kuma ruwan daɗi ya fi na gishiri ruɓar da katako. Da zarar danshin katako ya zauna sama da kashi 20 cikin 100 babu iska, ruɓa ta samu gida. Sanyin hunturu ya zo, ruwan da ya maƙale ya daskare ya ƙara buɗe wurin. Daga waje fenti yana sheƙi, ciki ya zama gari, ranar da za ka gane kuwa gyaran ya fi kuɗin jirgin. Za su nuna maka Folkboat na faiba da ake ƙerawa tun shekarun 1970 su ce ga shi nan. Wancan tun asali da faiba aka zuba shi, ba katako aka naɗe ba. Haka shi ma cusa abin liƙi mai tauri a tsagar: katakon zai kumbura ya rasa wurin zuwa, ya ja ƙusoshi, ya karya haƙarƙarin jirgin.

Akwai kuma batun tsere. Tun daga ƙananan jiragen Water Wag na Dublin a 1887, dalilin yin jiragen tsere duka ƙira ɗaya, kamar Folkboat, shi ne gwanintar matuƙi ta raba gardama. Kowane canji a jiki ko nauyi sai ya bi dokar awo, don haka ka tuntuɓi mai awon ƙungiyar masu Folkboat kafin ka taɓa wani abu babba.

Abin yi shi ne ka ɗauki basilla ka bi allon da ke manne da gindi, goshin jirgi, allon baya, da mazaunin jigon filafilai. Inda ta shige da sauƙi, a sauya katakon. Duba haƙarƙari a inda suka fi lanƙwasa, nan suke karyewa. Sabon haƙarƙari na itacen ok ake turarawa don ya lanƙwasu, kusan awa 1 ga kowane kaurin santimita 2.5. Ƙusar da ta saki, mutum biyu ke ɗaure ta, ɗaya ya tokare kanta da ƙarfe daga waje, ɗaya ya bubbuga daga ciki. Ƙarfen gindi ya kai kilo 1,000, saboda haka a zaro ko da ɗaya daga cikin ƙusoshin da ke riƙe da shi a gani, domin tsatsa tana cinye su a tsakiya, inda ido ba ya kai.

Sannan ka shimfiɗa jiƙaƙƙun buhuna a ciki na kwanaki. Kada ka cika shi da ruwa a tudu, kowace lita kilo ɗaya ce tana tura alluna waje. Manyan tsagogi a shafa musu kitse ko wani abu mai laushi da katako zai iya matsowa waje. Ranar sakawa a ruwa a bar shi rataye a majanyin ƙugiya, famfo yana aiki, wani yana gadi. Yoyon yakan ragu cikin kwana biyu zuwa uku, wani ya kai mako. Inda bai daina ba bayan haka, a nan ainihin matsalar take. Hunturu mai zuwa kuma kada ka ajiye shi a rumfa mai ɗumi, ka sama masa wuri mai sanyi, da rufi a sama, iska tana ratsawa.