Amsa ga mai tambaya kan Steve McCurry da salon hotunansa

Assalamu alaikum. Malam, na ga tambayarka inda ka ce hotunan Steve McCurry sun tafi da hankalinka, kana son sanin ko wane ne shi, a wurin wa ya ɗauko salonsa, da kuma kyamarar da za ka saya domin hotunan tafiye-tafiyenka su yi kama da nasa. 'Yan'uwa sun riga sun jero maka sunayen kyamarori. Ni ta wata hanyar zan ɓullo, domin na daɗe ina yawo da kyamara, kuma na ga masu farawa da yawa sun zuba kuɗi a kayan aiki alhali abin da ya burge su a hotunan mutumin nan ba a kanti ake sayensa ba.

An haife shi a 1950 a jihar Pennsylvania ta Amurka. A jami'a harkar fim da wasan kwaikwayo ya karanta, ya gama a 1974, ya yi wajen shekara biyu yana ɗaukar wa wata ƙaramar jarida hoto, sannan a 1978 ya tattara ya tafi Indiya da kuɗin aljihunsa, babu wata mujalla da ta aike shi. A 1979, yana arewacin Pakistan, ya haɗu da 'yan gudun hijirar Afganistan, suka sa masa tufafi irin nasu suka tsallaka da shi iyaka. Da zai fito sai ya ɗinke fina-finan kyamarar a cikin tufafinsa. Watanni kaɗan bayan haka, a Disambar shekarar, sojojin Tarayyar Sobiyet suka shiga ƙasar, manyan jaridu suka shiga neman hotunan Afganistan ruwa a jallo, ga shi kuma yana da su. Wannan aiki ne ya jawo masa lambar yabo ta Robert Capa, wadda aka sa wa sunan wani shahararren mai ɗaukar hotunan yaƙi. A 1986 ya shiga Magnum, ƙungiyar masu hoton da Henri Cartier-Bresson da Capa da abokansu suka kafa a 1947. Ka lura, mutumin da kake kira mai hoton tafiye-tafiye daga fagen yaƙi ya fara suna, kuma bai bar fagen ba: a 1991 yana Kuwait lokacin da rijiyoyin mai ke ci da wuta, inda ya ɗauki raƙuman nan da ke tafiya a ƙarƙashin baƙin hayaƙi.

To, launin nan da ya ja ka fa? Rabinsa aikin wani fim ɗin kyamara ne mai suna Kodachrome, wanda kamfanin Kodak ya fara fitarwa a 1935. McCurry ya shafe shekaru da dama yana aiki da shi. Fim ne mai fito da ja da shuɗi da kore su yi kauri, amma ba ya yafiya. Nau'in da aka fi amfani da shi, mai lamba 64, yana jinkirin karɓar haske, kuma in haske ya ɗan yi yawa farin hoton ya ƙone, in ya ɗan yi kaɗan inuwa ta zama baƙi ƙirin. Ba a gyara shi wajen wanki yadda ake yi da nagatif. Hoto 36 ne a kowane naɗi, kuma mai hoton da ke wata ƙasa mai nisa zai iya yin makonni bai ga abin da ya ɗauka ba. Wanda ya yi aiki a irin wannan takura dole ya koyi karanta haske da idonsa. Shi ya sa in ka duba hotunansa da kyau da wuya ka ga tsakar rana mai zafi a fuskar mutum. Ko dai sassafe ne, ko bayan la'asar, ko hadari ya rufe sama, ko kuma mutumin na tsaye a bakin ƙofa haske na shigo masa ta gefe guda. Kodak ya daina yin fim ɗin a 2009, naɗi na ƙarshe da ya fito daga masana'anta McCurry aka bai wa, aka wanke shi a 2010 a wani ɗakin wanki da ke jihar Kansas. Ke nan ko kana da kuɗi ba za ka same shi ba, amma hasken bakin ƙofa yana nan kyauta.

Ɗaya rabin kuwa jira ne. A 1983 ya bi damina a Indiya, lokacin da sauran masu hoto ke naɗe kayansu suna gudun ruwa. A garin Porbandar ya ɗauki wani tsohon tela da ruwa ya kai masa wuya, ya saɓa keken ɗinkinsa a kafaɗa yana murmushi. A Rajasthan kuma guguwar ƙura ta taso, wasu mata masu jajayen kaya suka dunƙule wuri guda, ya ɗauke su. Ba a samun irin waɗannan daga tagar otal. Dabarar da ni na fi cin moriyarta daga nazarin aikinsa ita ce ka fara samo bayan hoton kafin mutumin. In ka ga bango mai launi mai kyau da haske mai laushi, tsaya nan. Da farko kowa zai zuba maka ido, yara su taru, wani ya tambaye ka abin da kake nema. In ka daure, can sai a gaji da kai, kowa ya koma harkarsa, a lokacin ne wanda ya dace da bangon zai gifta. Wani lokaci kuma ba ya giftawa, sai ka dawo gobe.

Maganar waɗanda suka yi tasiri a kansa, sunan da ya fi ambata shi ne Cartier-Bresson, Bafaranshen da ya rayu daga 1908 zuwa 2004. Shi wannan zane ya fara koya kafin hoto, yana yawo da ƙaramar kyamarar Leica da gilashi guda (wato lens, idon kyamara) mai milimita 50, kuma yana Indiya a Janairun 1948, ya ɗauki Gandhi jim kaɗan kafin a kashe shi. Abin da McCurry ya gada a wurinsa shi ne tsara hoto: ina layi ya bi, ina mutum ya tsaya, a wane ƙiftawar ido ne komai ya zauna daidai. Bambancinsu shi ne Cartier-Bresson baƙi da fari ya riƙe, ba ya ƙaunar hoto mai launi, kuma ya fi son ya ɗauka ba a san yana wurin ba. McCurry kuwa yana son mutum ya dube shi ido cikin ido. Ina kuma ganin karatun fim da ya yi bai tafi a banza ba, domin hotunansa da yawa kamar an tsayar da fim ne a tsakiyar labari.

Yanzu ga inda zan ja maka kunne. Hoton da ya fi shahara da shi, na yarinyar nan mai korayen idanu, ya ɗauke shi a 1984 a sansanin 'yan gudun hijira na Nasir Bagh kusa da Peshawar, ya fito a bangon mujallar National Geographic ta Yunin 1985. Bai rubuta sunanta ba. Sai a 2002 aka gano ta, aka san sunanta Sharbat Gula, kuma duk tsawon shekarun nan da fuskarta ke zagaya duniya ita ba ta taɓa ganin hoton ba. Hoton ya ja hankalin duniya ga 'yan gudun hijira, wannan gaskiya ne. Amma ni tun da na san wannan labari ba na ɗaukar fuskar mutum kusa da kusa ban tambayi sunansa ba, ban nuna masa hoton a bayan kyamara ba. Yau da akwai waya a hannun kusan kowa, aika masa da shi ba wahala. In yaro ne, a nemi babba. In mace ta kau da kai, ta riga ta ba ka amsa.

Sai kuma abin da ya faru a 2016. Wani mai hoto ɗan Italiya ya je baje kolin hotunan McCurry, ya lura da wani hoton titi da aka ɗauka a Kyuba inda aka yi kuskuren gyara da kwamfuta, wani yanki na ƙarfen alamar hanya ya fito a inda bai kamata ba. Daga nan mutane suka shiga tono, aka samo wasu hotunan da aka goge mutane ko kaya daga cikinsu. Ya ce kuskuren na ma'aikacin ɗakin aikinsa ne, ya kuma ce yanzu kallon mai ba da labari da hoto yake wa kansa, ba ɗan jarida ba. Kowa da yadda ya ɗauki wannan bayani. Abin da ya shafe ka shi ne: in kana kwatanta hotonka da nasa kana jin haushin naka akwai wayar lantarki da leda da wani mai leƙe a gefe, to ka sani wasu daga cikin nasa ma da su aka ɗauka.

A 2016 ɗin dai marubuci Teju Cole ya soki aikinsa a mujallar New York Times, yana ganin Indiyar McCurry ta cika tsabta da tsufa, kamar zamani bai taɓa ta ba, ya kwatanta shi da Raghubir Singh. Don Allah ka nemi aikin wannan mutum. An haife shi a Jaipur a 1942, ya rasu a 1999, ya riƙe hoto mai launi tun lokacin da manyan masu hoto ke raina shi. Shi ma ɗalibin salon Cartier-Bresson ne, amma ya haɗa da zanen gargajiyar Rajasthan. Hotunansa cike suke da cunkoso, allon talla, motoci, rabin jikin mai wucewa, har akwai jerin da ya ɗauka ta taga da ƙofar motar Ambassador, ƙirar Indiya. Ban yarda da duk sukar Cole ba, telan Porbandar ba ado ba ne, mutum ne da ruwa ya ci shagonsa. Sai dai in ka ajiye aikin mutanen biyu gefe da gefe za ka gane bambancin idon baƙo da na ɗan gida, kuma kai a tafiya kullum baƙo ne.

Game da rayuwar kuwa, kada hotunan su ruɗe ka. Yawancinta neman biza ce, da jiran mota, da ciwon ciki, da lallashin jami'in da bai ga dalilin ɗaukar hoton gada ba. Tafinta ko ɗan jagora nagari ya fi maka gilashi mai tsada amfani. Zamanin da mujalla ke ɗaukar nauyin mutum watanni a wata ƙasa ya ja baya sosai, shi kansa McCurry yana sayar da bugaggun hotuna, yana koyarwa, yana aikin talla, shi ya ɗauki kalandar kamfanin Pirelli ta 2013.

Kyamara kuma, hoton yarinyar nan da Nikon FM2 aka ɗauke shi da gilashi mai milimita 105, kyamarar da komai nata da hannu ake saitawa. Duk wata kyamarar zamani da ke ba ka damar saita haske da kanka ta wadatar. Ka samu gilashi guda mai milimita 35 ko 50 don titi, in da hali ka ƙara mai 85 don fuska, da batir na biyu da katin ajiya na biyu. Ragowar kuɗin ka ƙara kwanaki da su a gari guda maimakon ka ratsa garuruwa biyar. In ka dawo ka ɗora mana guda goma a nan mu duba tare.