Amsa kan tabaran da ya dace da mai gudu a Damagaram

Assalamu alaikum ɗan'uwa. Na ga tambayarka, inda ka ce ka fara fita gudu bayan sallar asuba a kan hanyar Mirya, amma kana komawa gida idanunka jajur suna zubar da hawaye, kana kuma son sanin ko baƙin tabarau irin na masu talla a kasuwar Dole zai wadatar ko sai ka nemi mai tsada. Na daɗe ina gudu a hanyoyin garin nan, rani da damina, saboda haka ga abin da na sani.

Abu biyu ne suke damun idonka a wannan hanyar, wato rana da ƙura, kuma a ganina ƙurar ce ta fi kawo jan da kake gani. Mirya tana gabas da mu, don haka idan ka fita da duhu-duhu rana za ta ɓullo maka a fuska tun ba ka juyo ba, a daidai lokacin da take ƙasa-ƙasa, inda girar ido ba ta iya tare ta kamar yadda take yi da tsakar rana. Idan hunturu ya kama, daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu, iskar tana kaɗowa daga arewa maso gabas, wato ta ɓangaren hagunka idan ka nufi Mirya, tana ɗauke da ƙura mai laushi da bushewar da ke shanye danshin ido. Ka haɗa wannan da abin da manyan motoci masu zuwa Diffa suke tayarwa idan sun wuce ka a bakin kwalta. Saboda haka tabaran da kake nema dole ya tare haske, ya kuma tare iska.

Baƙin gilashi da kāriyar ido abubuwa ne daban. Abin da yake cutar da ido a hankali shi ne hasken da ake kira UV, wanda ido ba ya ganinsa, kuma launin gilashi ba shi ne yake tare shi ba, sinadarin da aka yi gilashin da shi ko aka shafa masa ne. Akwai farin gilashi tas mai tare shi gaba ɗaya, akwai kuma baƙi ƙirin da yake barin sa ya wuce. Na biyun ya fi rashin tabarau muni, domin idan ido ya samu duhu, ƴar ƙofar da ke tsakiyar baƙinsa tana ƙara buɗewa, sai hasken ya shiga fiye da yadda zai shiga da ka bar fuskarka haka nan kana runtse ido. Abin da za ka nema a jikin hannun tabaran ko a takardarsa shi ne rubutun UV400, ma'anarsa gilashin yana tare wannan haske har zuwa nanomita 400 a ma'aunin zangon haske, wanda ya haɗa nau'insa biyu da suke iso mu, UVA da UVB.

Sai dai kowa ya san ƴar takardar da ake liƙawa a gilashi ba ta da wuyar bugawa. Ba na cewa duk na kasuwa jabu ne, domin robar da ake kira polikabonet, wadda ake yin yawancin tabaran wasanni da ita, da kanta take tare kusan duk wannan haske, kuma ba ta da tsada. Matsalar ita ce ido ba ya bambance ta da robar banza. Hanyar da ta fi inganci ita ce ka kai shi wurin masu yin tabaran likita, idan suna da na'urar awo su auna maka, abin ba ya ɗaukar minti guda. Idan ba ka samu ba, ka ari ƴar tocilar nan mai shuɗin haske da ake duba kuɗin jabu da ita, ka shiga ɗaki mai duhu, ka haska takardar jika biyar har alamun ɓoye su yi ƙyalli, sannan ka gitta gilashin tsakanin tocilar da kuɗin. Idan ƙyallin ya ɓace, alama ce mai kyau. Idan yana nan yadda yake, ka mayar wa mai shi kayansa. Gwaji ne na gida, bai kai awon na'ura ba, amma yana fitar da na banza.

Game da yawan duhun gilashi kuwa, akwai lamba daga 0 zuwa 4 da ake rubutawa. Lamba 3 tana barin kashi 8 zuwa 18 cikin ɗari na haske ya wuce, ita ce ta rana tsaka irin ta watan Afrilu da Mayu. Lamba 2 tana barin kashi 18 zuwa 43, kuma ga mai fita da asuba irinka ita na fi so, domin za ka iya sa ta tun gari bai gama wayewa ba ka ga rami da dutse, rana kuma ta fito ta ishe ka da ita. Lamba 4 ta masu hawan dutsen ƙanƙara ce, an ma hana tuƙi da ita, kada ka saya. Wanda yake gamawa kafin fitowar rana, farin gilashi mai lamba 0 ya ishe shi don ƙura kawai. Ta fuskar launi, toka-toka ba ya sauya kamannin abubuwa, amma a ranar da hazo ya rufe gari komai ya koma launi guda, ruwan ƙasa ya fi fito da gefen kwalta da inda yashi ya taru. Kuma kada hazon ya sa ka bar shi a gida, domin disashewar rana ba ta nufin hasken UV ya ɗauke.

Inda na fi son ka sa hankali shi ne siffarsa. Tabaran gayu mai shimfiɗaɗɗen gilashi, wanda yake barin gefen ido a buɗe, ba ya yi wa mai gudu aiki a ƙasar nan. Ka nemi mai lanƙwasa wanda ya zagaye fuska har wajen kunne, ya zauna kusa da gira. Ba don iska kaɗai ba ne. Hasken da ke shigowa ta gefe yana ratsa fatar gaban ido ya tattaru a ɓangaren da ke kusa da hanci, kuma nan ne wurin da wani nama yake tsirowa ya riƙa rarrafawa kan baƙin ido. Ka lura da idanun manoma da makiyaya da ƴan kabu-kabu da suka daɗe a sana'a, za ka ga shi a daidai wannan wuri, kuma rana da iska da ƙura su ne manyan dalilansa. Hular hana-salla tana taimakawa ƙwarai wajen tare abin da ke sauka ta sama, ni ba na raba ta da tabarau.

Kada kunya ta hana ka gwada shi sosai a gaban mai sayarwa. Ka sa shi, ka sunkuyar da kai kamar mai ɗaure takalmi, ka girgiza kai hagu da dama, ka yi tsalle kaɗan. Idan ya motsa fuskarka tana bushe, to da zufa ta keto zai gangaro kan hanci, ka wuni kana tura shi da yatsa. Wanda yake da roba mai taushi a mazaunin hanci da ƙarshen hannuwa shi yake kama fata idan ta jiƙe. Ka bar shi a fuska ɗan lokaci kuna ciniki, domin matsin bayan kunne ba ya bayyana nan take, kuma shi yake kawo ciwon kai. Ka lumshe ido ka ji ko gashin idonka yana shafar gilashin. Sannan ka riƙe shi nesa da fuska, ka rufe ido ɗaya, ka kalli gefen ƙofa ko turken rumfa ta cikinsa kana motsa shi a hankali. Idan miƙaƙƙen abu ya riƙa karkacewa, gilashin zai yaudari ƙafarka a kan hanya. Ka guji firam na ƙarfe da gilashin kwalba, suna da nauyi, kuma idan ka faɗi ko taya ta harbo tsakuwa, kwalba tarwatsewa take yi a bakin ido.

Masu sayarwa za su yaba maka wanda aka rubuta wa Polarized. Amfaninsa kashe ƙyallin da ke tashi daga ruwa ko kwalta ko gilashin mota ne, ba ya ƙara kāriya daga UV, wani lokaci ma yana sa fuskar agogo ko waya ta yi duhu. Idan ka same shi da arha babu laifi, amma ba zan ƙara kuɗi dominsa ba. Mai sauya launi da kansa ya fi jan hankalin mai fita da asuba, sai dai ka sani zafi yana rage masa duhu, don haka yakan yi aiki da kyau da safiyar hunturu, amma a bazara, lokacin da zafi ke wuce maki 40, ba ya kai duhun da ake so.

Abin da ya fi kashe tabarau a Damagaram shi ne gogewa da gefen riga. Ƙurar da ta kwanta a kai ƙwayoyin yashi ne, sun fi robar ƙarfi, goge ta a bushe kamar shafa masa takardar gurza katako ne, cikin ɗan lokaci sai ka ga rana tana watsewa a cikinsa. Ka fara zuba masa ruwa ya wanke ƙurar da gishirin zufa, ka ɗiga ɗan sabulun ruwa, ka ɗauraye, sannan ka tsane da tsumma mai laushi wanda shi ma ba ya zama a waje. Kada ka bar shi a gaban mota ko a kan babur cikin rana, zafi yana lanƙwasa firam ya fasa shafen gilashin. Saboda yadda yashinmu yake cin kaya, na fi ba da shawarar mai matsakaicin kuɗi da aka auna aka tabbatar, wanda ba za ka ji zafin sauya shi ba idan ya karce.

Idan kana sa tabaran likita, ka gaya wa mai yi maka cewa gudu kake yi, ya zuba maka awonka a firam ɗin da ya dace. Jan idon kuma, idan ka fara sa tabarau kana wanke fuska da ruwa mai tsabta bayan gudu amma bai lafa ba cikin mako biyu, ko ya zo da zafi ko dishi-dishi, ka je sashen ido na babban asibiti a duba ka. Kada ka sayi maganin ɗigawa a tebur don ya washe ja, domin wasunsu suna ɗauke da sinadarin da ke ɗaga matsin cikin ido idan an daɗe ana sa shi ba tare da likita yana aunawa ba.